Ranar Ƙirgar Shanun Huɗa a Wonkoru

Ranar Talatar da za a ƙirga shanun huɗa a Wonkoru aka wayi gari babu Gajere a turkensa. Gajere san Kora ne, ja, mai taurin kan da duk gari ya sani. Sai ƙarti biyu sun taru kafin a raba shi da inda ya ga damar tsayawa. Igiyarsa na nan. Ba yanke ta aka yi ba, kwance ta aka yi daga wuyansa, aka naɗe tsaf aka rataye a kan turke. Ɗan bijimin da Kora ya saya bara don ya cike biyu yana gefe yana tuƙa, ba wanda ya taɓa shi.

Kafin a tuna da kiran Dafiya, rabin gari ya riga ya zo ya ba idonsa abinci, ya kuma tattake wurin da ƙafa.

Dafiya maharbi ne, ko da yake namun daji sun daɗe da ƙarewa a wannan gefen na Bargu. Abin da ya rage masa shi ne bin sawun akuyar da ta ɓata da na ɓarayin doya. Ya haura hamsin, gwiwarsa ta hagu tana damunsa. Ya tsuguna a bakin garken, ya dubi ƙasa, ya ɗago ya dubi jama'a.

"Wanda bai taka nan ba ya ɗaga hannu in gode masa."

Ba wanda ya yi dariya. A nan ya lura duk shi suke kallo.

Kora ya matso, idanunsa jajir, wayarsa a hannu. "Yaya Dafiya, kada ka wahalar da gwiwarka. An ga ɓarawon. Dado mai wara ta fito da asuba, ta ga ɗanka Tamu ya bi ta bayan gidan nan janye da jan sa. Na riga na kira jandarma. Da la'asar za su zo tare da malamin gona."

Dafiya ya miƙe tsaye. Dado ba ƙarya ta yi ba, shi ya aiki Tamu.

Shekara uku ke nan gwamnati tana ba kowace gona mai shanun huɗa biyu sefa dubu sittin kafin ruwa ya zauna, na dusa da allura. Mai sa ɗaya ba ya samun ko sisi. A Wonkoru kuwa masu sa ɗaya sun fi yawa, da ma can haɗawa suke yi su huɗe gonar wannan yau, ta wancan gobe. Sai gari ya samo dabararsa. Idan ranar ƙirga ta zo, kowa ya nemo aro a ruga ya ɗaure kusa da nasa, malamin gona ya ga biyu ya rubuta biyu, washegari sa ya koma wurin mai shi da ɗan goro. Ba a maganar a fili. Dafiya ma sa ɗaya gare shi, kuma bana Bake matar Tamu ta kusa haihuwa, rumbu ya yi ƙasa. Shi ya sa ya tashi ɗan nasa tun kafin kiran salla, ya tura shi rugar Jobɗi ya karɓo san aro.

*

Mai gari Zime ya sa an kulle Tamu a ɗakin ajiyar taki na ƙungiyar manoman auduga, wai don kada a taɓa lafiyarsa. Ya ja Dafiya cikin zaurensa, ya kori kowa.

"Mai gari, ka je gidana ka duba. San da ke turkena ba Gajere ba ne."

"Na aika an duba. Kora ya ce musanya yaron ya yi, ya kai Gajere ruga ya karɓo wannan."

"Kai ka yarda da haka?"

"Yardata ba ta da amfani yau." Zime ya rage murya. "Dafiya, gida goma sha bakwai ke da san aro a turke yanzu haka. In ka buɗe baki gaban Mushe Gunu malamin gona ka ce aro, ba kai kaɗai zai soke ba. Garin nan zai rufe wa littafi shekara uku. Akwai gwauraye a ciki, akwai marayu. Ka bari su tafi da yaron. Sati ɗaya ne, mu haɗa abin da za mu haɗa mu fito da shi."

"Sati ɗaya."

"Na ba ka alkawari."

"Ɗan wa za ka ba ni jingina?"

Zime ya kau da kai, ya ce wannan ba maganar manya ba ce.

Dafiya ya zaga bayan ɗakin takin, inda akwai ɗan taga mai ƙarfe. Warin taki ya buge shi. Tamu na zaune a kan buhu, rigarsa a yage ta kafaɗa, leɓensa a kumbure. Shekararsa ashirin da huɗu, amma abin da uban ya gani shi ne yaron da ya taɓa goyawa zuwa asibitin birni da zazzaɓi.

"Wa ya doke ka?"

"Ba komai, Baba."

"Da ka wuce ta bayan gidan Kora, Gajere na nan?"

"Ban duba ba. Na Jobɗin nan sai fizga yake yi, hankalina na kansa." Ya matso kusa da tagar. "Ban faɗa musu komai ba. Ba zan faɗa ba. Ka ce wa Bake ta ci abinci."

Dafiya ya kama ƙarfen tagar ya daɗe bai saki ba. Sannan ya ɗauki sandarsa ya nufi ruga.

*

Ya tarar da Jobɗi a inuwar kaɗanya yana murza igiya a cinya. Shekara ashirin suna zagin juna, ba ranar da suka haɗu ba su yi ba.

"A'a, maharbin ɓeraye! Yau me aka sace, kaza?"

"Jobɗi, yau ba ni da bakin wasa."

"Na ji." Bafulatanin ya ajiye igiyar. Ya miƙa masa ƙwaryar nono, Dafiya ya girgiza kai.

"Zuwa za ka yi da la'asar ka ce kai ka ba Tamu jan sa."

"Wane jan sa?"

"Kada ka yi mini haka."

"Dafiya, shanuna tara ke cikin garinku yau. Tara! In na ce na ba da ɗaya, jandarma zai tambayi sauran. Kai gona gare ka, ba mai naɗe ta ya tafi da ita. Ni in suka kora garken nan, me zan ce wa 'ya'yana? Ku kuna da mai gari, ni wa nake da shi?"

"To bari in duba garkenka."

"Duba. In ka ga Gajere ka haɗa da ni ka kai."

Dafiya ya zaga garken sau biyu. An yi yayyafi jiya da yamma, ƙasa ta yi laushi, kowane kofato ya fito sarai. Ya ga inda Tamu ya shigo shi kaɗai, ya ga inda ya fita da sa mai dogayen ƙafafu yana turjewa. Sawun Gajere kuwa, wanda ya sani kamar tafin hannunsa, faffaɗa mai ɗan karkacewa a ƙafar baya, bai taka rugar ba.

Ya san haka tun kafin ya zo. Amma da ya gani da idonsa sai da ya ji wani abu ya saki a ƙirjinsa, ya kuma ji kunyar sakin.

*

A hanyar komawa ya haɗu da Yaru, ƙanen Kora, zaune a kan kututture a bakin gari yana sassaƙa ƙotar fartanya. Yaru mutum ne mai sanyin magana, mai gaishe da kowa har ƙasa. Ya miƙe da sauri.

"Sannu, Yaya Dafiya. Wallahi abin nan ya dame ni. Na ce wa Kora ya bi a hankali, amma ka san shi da zuciya."

"Na san shi."

"Ni ban ga laifinsa ba kuma. Na san zafin. Bara da cutar nan ta kashe mini Mai Tabo, kwana uku ban ci ba. Su biyu ne kaɗai abin da Baba ya bar mana, shi ya ɗauki Gajere na ɗauki Mai Tabo." Ya share ido da bayan hannu. "Amma akwai abin da na ji, ban sani ba ko zai yi amfani. Kafin asuba na ji ƙugin babbar mota wajen mararraba. Ka san masu kai shanu kudu."

Dafiya ya gode masa. Mararraba tafiya ce mai nisa ga mai ciwon gwiwa, amma ya tafi. Ya duba inda manyan motoci ke ja da baya su jingina da tudu a loda dabbobi. Kashin shanun da ke wurin ya bushe tun kasuwar Asabar. Ya tambayi mai sayar da fetur a kwalba, mutumin ya ce shi a nan yake kwana, tun jiya ko keken shanu bai tsaya ba.

Sa'ad da ya juyo, inuwarsa ta riga ta dawo ƙarƙashin ƙafarsa. Ya yi asarar rabin yini. Yana tafe yana ganin Tamu a bayan motar jandarma, hannu a ɗaure, yana ganin Bake tana haihuwa mijinta ba ya nan. Ya tuna ɗan wani mutumin Wonkoru da aka tafi da shi kan rigimar iyakar gona, aka ce kwana biyu ne, ya dawo bayan wata goma sha huɗu yana tarin jini. Ya tsaya ya dafa itace.

Sannan ya yi wa kansa faɗa. Tun safe bakin mutane yake bi, ya bar ƙasa.

*

Bayan gidan Kora marmara ce shimfiɗe, ko giwa ta bi ba za ta bar alama ba. Sai ya yi yadda yake yi a dā in gada ta ɓace masa a kan dutse. Ya bar wurin, ya yi nisa, ya fara zagaye mai faɗi, yana bin inda marmara ta ƙare ƙasa ta fara. Ya bi gabas bai ga komai ba, ya bi kudu sai sawun tumaki. Ta arewa, inda gonar marigayi Sero, uban su Kora, ta fara, a nan ya tsaya.

Ga sawun Gajere, faffaɗa, da karkacewarsa. Ba turjiya, ba jan igiya. San da ƙarti biyu ke fama da shi yana tafiya salin alin kamar mai zuwa shan ruwa. Kuma ba shi kaɗai ba ne. Ta damansa akwai wani sa, takunsu ɗaya, tazarar da ke tsakaninsu ba ta ƙaruwa ba ta raguwa. Dafiya ya kwantar da sandarsa tsakanin sawun biyu. Ya matsa gaba taku ashirin ya sake aunawa. Daidai faɗin karkiya, alhali ba karkiya a wuyansu, don da akwai da nauyinta ya nuna a ƙafafun gaba. A bayansu akwai sawun mutum ɗaya mai takalmin taya, irin wanda kowane namiji a garin ke sawa.

Ya bi su har ƙarshen gonar, inda wata tsohuwar ɗorawa ke tsaye a kan iyaka. Hanyar rafi ta miƙe gaba. Amma shanun ba su miƙe ba. Daidai gindin ɗorawar, Gajere ya tsaya cik a wuri ɗaya yana juyawa a hankali, na daman ya zagaye shi da faɗi, suka juyo suka kama sabon layi kusa da wanda suka baro, kamar masu huɗa. Sawun mutumin ya rikice a nan. Ya yi gudu ya sha gabansu, ya zame, ga inda gwiwarsa da tafin hannunsa suka dafa ƙasa. Da ƙyar ya mai da su hanyar rafi.

Dafiya ya zauna a ƙasa yana kallon wannan juyi.

Ba kowane sa ne zai juya a nan ba tare da an ce masa ya juya ba. Sai wanda ya shekara da shekaru yana huɗar wannan gona, yana isowa wannan ɗorawa, yana jin muryar tsoho Sero a bayansa. Gajere ɗaya ne. Na biyun kuwa duk Wonkoru ta ga fatarsa a shanye bara a ƙofar gidan Yaru, malamin gona ya gani, gwamnati ta biya sefa dubu ɗari da hamsin kuɗin maye gurbi.

"Mai Tabo," in ji Dafiya a hankali, "ashe kana nan."

*

Sawun ya ƙetare rafi ya shiga ƙasar wata gunduma, ya tsaya a wani ɗan ƙauye mai gida huɗu. Dafiya ya san gidan, na surukin Yaru ne. A bayan rumbu ya gan su tsaye kafaɗa da kafaɗa, Gajere ta hagu, baƙin sa mai farin tabo a goshi ta dama, suna cin harawa daga kwando ɗaya.

Tsohon mai gidan ya fito yana dogara sanda, ya gaishe shi ba tare da wata fargaba ba.

"Baba, shanun nan fa?"

"Na mijin 'yata ne. Baƙin tun bara yake nan, ya ce can wurinku cuta ta yi yawa. Jan kuwa yau da sassafe ya kawo, wai aro ne daga wansa. Gobe ne ƙirgarmu, za a rubuta da sunana mu raba. Jibi ya mai da shi." Tsohon ya dube shi da kyau. "Lafiya dai?"

"Wan nasa ne ke nemansu."

Bai nemi igiya ba. Ya tsaya a bayansu, ya yi irin ƙarar harshen da tsoho Sero ke yi, suka ɗaga kai tare suka kama hanya. Rana ta riga ta karkata. Gwiwarsa na zafi kamar an soka mata ƙaya, amma bai tsaya ba ko sau ɗaya.

*

Dafiya ya ji ƙugin motar jandarma tun yana bayan gari. Da ya iso dandali, an jera shanu bibbiyu a ƙarƙashin itatuwan mangwaro, kowane mai gida na tsaye gaban nasa. Mushe Gunu, malamin gona, yana zaune a bakin tebur da babban littafinsa. Jandarma biyu na tsaye, babbansu riƙe da ankwa. An fito da Tamu. An kira Dado mai wara, an kira Kora, an aika an taho da Jobɗi, yana tsaye can gefe yana kallon yatsun ƙafarsa. Yaru na kusa da wansa, hannu a kafaɗarsa. Bake na bayan mata, ta dafe cikinta.

Wata tsohuwa ce ta fara ganin Dafiya da shanun biyu. Ta saki salati, ta ja da baya.

Jama'a suka dare. Shanun biyu suka ratso tsakiyar dandali da takunsu ɗaya, suka tsaya gaban tebur. Kora ya dubi Gajere, ya dubi baƙin, bakinsa a buɗe. Ya miƙa hannu ya shafa farin tabon, kamar yana so ya tabbatar ba fenti ba ne.

"Wannan ai ya mutu," in ji shi. "Ni na taya ka kuka, Yaru."

Hannun Yaru ya sauka daga kafaɗarsa.

Dafiya ya faɗi abin da ya gani, bai ƙara ba bai rage ba: marmara, faɗin karkiya, juyin da aka yi a gindin ɗorawa, gidan suruki. Ya ce wanda ya kwance Gajere ya san ba zai bi kowa ba, sai ya zo masa da abokin tafiyarsa ya tsayar a bayan gida. Ya ce in shugaban jandarma na so, ya duba tafin hannun Yaru na dama da gwiwar wandonsa.

Ba sai an duba ba. Yaru ya durƙusa.

"Yaya, ba sata na yi ba. Wallahi jibi zan dawo da shi. Da zan iya tambayarka da na tambaya, amma in na tambaya sai ka ce da wane san zan haɗa. Fatar a wurin mahauci na saya. Bashin taki ne ya ci ni."

"Ƙirgata fa ta yau? Da me zan tsaya?"

"Na ɗauka za ka nemo..." Yaru ya haɗiye sauran maganar, ya dubi malamin gona.

"Ka tsaya kusa da ni," in ji Kora, "ka ga na fasa wa yaron nan baki, ba ka ce komai ba."

Shugaban jandarma ya sa wa Yaru ankwa. Dafiya ya nufi wurin Tamu, amma mutumin ya ɗaga masa hannu.

"Dakata, tsoho. Wannan an gama. Amma ɗanka an gan shi da jan sa da asuba. In ba wannan ba ne, wanne ne? Na wa?" Ya juya wurin Jobɗi. "Kai, naka ne?"

"Ban san komai ba, ranka ya daɗe."

"To sa ba ya faɗowa daga sama. Ba takardar saye, ba mai shi. Wani ne aka sace wa, bai riga ya kawo ƙara ba. Mu tafi da su duka biyu, a can zai tuna."

Ɗaya jandarman ya kama hannun Tamu. Tamu bai yi gardama ba, ya dubi ubansa ya girgiza kai kaɗan. Mai gari Zime ya yi gyaran murya. Dafiya ya dubi layin shanun, ya dubi masu su. Ga gwauruwar da ke tsaye gaban sa biyu, ɗaya nata ɗaya na Jobɗi, 'ya'yanta huɗu a bayanta. Ga mutumin da suka yi kaciya tare. Duk idanunsu na kansa, kuma ya san abin da suke roƙo.

An buɗe bayan motar.

"Aro ne," in ji Dafiya.

Muryar ta fita da ƙarfin da bai yi niyya ba.

"Ni na aike shi. Sa ɗaya gare ni. Na aro na biyu don Mushe ya rubuta mini biyu. Yaron bai san komai ba sai aiken ubansa. Jobɗi, ka faɗi gaskiya ko in kai su rugarka in nuna musu sawun."

Jobɗi ya ɗago kai. "Nawa ne," ya ce. "Allah ya isa, maharbin ɓeraye."

Mushe Gunu ya ajiye alƙalami. Ya cire tabarau, ya tashi ya bi layin shanun a hankali, wannan karon yana ɗaga kan kowane sa yana shafa wuyansa. Wanda ya taɓa jan garma, wuyansa na da kanta. Wanda bai taɓa ba, sumul yake. Ya ƙirga har ƙarshen layi, ya dawo ya zauna.

"Shekara uku ina zuwa garin nan ina cin sakwararku," ya ce. "Mai gari, ba ka da abin faɗa?"

Mushe Gunu ya rufe littafin, ya sa a jaka. Jandarma ya saki hannun Tamu. Motar ta tafi da Yaru shi kaɗai, Mai Tabo kuwa aka ɗaure shi a ƙofar mai gari kafin a san yadda za a yi da shi. Da Kora ya ja Gajere zai tafi gida, san ya kafe ƙafafu huɗu yana kuka, sai da mutum uku suka taru.

*

Ba wanda ya yi wa Dafiya magana a hanyar gida. Mutumin da suka yi kaciya tare ya tofar da yawu ya shige. Gwauruwar ta wuce su da 'ya'yanta ba ta ko dube su ba, wannan kuwa ya fi masa ciwo.

A gida Bake ta kawo ruwa, ta kawo ruwan ɗumi da tsumma don leɓen mijinta. Dafiya ya zauna a kan turmi ya miƙe ƙafar da ke ciwo. Jan san Jobɗi na turke kusa da nasu, yana ta fizgar igiya.

Tamu ya ɗago ya dubi ubansa.

"Baba, da ka bari sun tafi da ni. Mai gari ya ce sati ɗaya ne. Yanzu wa zai haɗa sa da mu? Wa zai zo sunan abin da Bake za ta haifa?"

"Ban sani ba."

"To me ya sa?"

Dafiya ya murza gwiwarsa. Ya so ya yi masa dogon bayani, amma shi ba mai iya jera magana ba ne.

"In ka ɓata a daji, ko kwana nawa ne zan samo ka. Ko a kan dutse ne zan zaga in samo ka. Amma in suka hau kwalta da kai, Tamu, ba ni da abin da zan bi."

Tamu ya tashi ya kwance jan san, ya ce gara a mai da shi tun da sauran rana. Dafiya ya lallaɓa ya miƙe, ya ɗauki sandarsa.

"Baba, ka zauna, gwiwarka."

"Mu je dai."

Suka fita tare ta tsakiyar gari, ɗan a gaba riƙe da igiya, uban a baya yana ɗingishi.